Kafin a sallami direba: muhawara kan amfani da alƙaluma wajen gyara sana'a

Hajiya Mai Girki (Makka): Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don raina a ɓace yake. Kun san ina yi wa masu Umra girki, ejan-ejan na Kano da Maradi ke ba ni aikin, ana kai abincin otal-otal na Misfala da titin Ibrahim Khalil. Tun shigowar wannan kakar ƙorafi ɗaya ake min: abincin dare na zuwa a makare, wani lokacin ma ya huce. Jiya wani ejan ya ce in ba a gyara ba, rukuninsa na gaba wata mai girkin zai ba. Ni na yanke in sallami direban, sai yaron wajena da ke karatun kasuwanci ya hana ni, wai in fara rubuta lokacin komai tukuna, wai haka manyan kamfanoni ke yi. To mene ne amfanin wannan rubuce-rubucen ga mai tuwo da miyar kuka? Ko dai ƙaƙale ne irin na 'yan boko?

Alhajin Bakala (Jidda): Wa alaikumus salam. Hajiya, sallame shi kawai. Abinci a hannun wa yake makara? A hannun direba. Tun kafin a haifi yaron naki muke kasuwanci a ƙasar nan, ba mu taɓa riƙe biro muna bin ma'aikaci ba. Ido ne da ƙwarewa.

Injiniyan Jubail: Allah ya ƙara girma Alhaji, amma a nan ba na tare da ku. Hajiya, ga tambaya ɗaya: ƙarfe nawa motar ta bar ƙofar gidanki jiya, ƙarfe nawa kuma shekaranjiya?

Hajiya Mai Girki (Makka): Wajen bayan magariba dai. Wa zai tsaya duba agogo ana tsakiyar zuba miya?

Injiniyan Jubail: To amfanin da kike tambaya ke nan. Yanzu haka ba ki san inda lokacin ke salwanta ba: a kan murhu ne, wajen zubawa a robobi ne, a kan hanya ne, ko a ƙofar otal. Direba ne na ƙarshe da aka gani da kula a hannu, shi ya sa laifi ke sauka a kansa. Ina aiki a sashen kula da inganci na wata masana'anta, kuma da za a matse min aikina gaba ɗaya, bai wuce amsa tambaya biyu ba. Ta farko, a ina matsalar take fitowa? Ta biyu, abin da ya faru yau wani sabon abu ne da ya shigo, ko kuwa haka tsarin ya saba haifarwa?

Ta biyun ta fi wuya. Wani masanin kimiyya a Amurka, Walter Shewhart, shi ya fara tsara ta a 1924 lokacin yana aiki da kamfanin haɗa kayan tarho. Ya lura ba aikin da ke fitowa iri ɗaya kullum, dole a samu hawa da sauka. Sai ya raba hawa da saukan gida biyu. Akwai wanda ya zama jinin aikin: yau minti 38, gobe 44, jibi 41, ba wanda ya yi wani laifi, ƙananan dalilai ne barkatai suka haɗu. Akwai kuma wanda ke da sanadi takamaimai: taya ta fashe, gas ya ƙare, an kawo sabon ma'aikaci. Maganinsu daban. Na biyun ana bin sawunsa a kawar da sanadin. Na farkon kuwa ko kin canza direba goma yana nan, sai an taɓa yadda aka shirya aikin, kuma wannan a hannun mai sana'a yake, ba a hannun yaran gida ba. Mai sana'ar da bai bambance su ba, kullum cikin faɗa yake da ma'aikata a kan abin da ba su da iko a kai.

Alhajin Bakala (Jidda): Ɗana, kamfanin tarho daban, tukunyar tuwo daban.

Mai Wanki (Jidda): Alhaji, bari in ba ku labarin shagona, don ni ba injiniya ba ne. Akwai lokacin da rigima ta ishe ni da kwastomomi: wannan ya ce jallabiyarsa ta ɓata, wancan ya ce an ba shi ta wani, wani ya ce guga ta ƙona masa wuya, wani tabon shayi bai fita ba. Ni kuma in shiga ciki in yi ta surfa wa yaran faɗa. Ƙanin matata ne ya ce in ajiye littafi kusa da injin kuɗi, duk wanda ya kawo ƙorafi a ja layi ɗaya a gaban irin ƙorafin. Ba rubutu, layi kawai. Da aka kwana biyu na buɗe littafin, sai na ga layukan sun taru a wuri ɗaya: musanya da ɓacewa. Ƙuna da tabo, waɗanda na fi yin hayaniya a kansu saboda su ne ke sa kwastoma ihu, 'yan kaɗan ne.

Na tsaya bakin injin wanki na kalli yadda ake fito da kaya. Lambar da muke maƙalawa 'yar takarda ce da ake ɗanawa da ƙusar takarda a cikin wuya. A kan yadi mai kauri tana zama. A kan farar jallabiya mai santsi, wadda ita ce rabin aikinmu, sai ruwan zafi ya jiƙa ta ta sulluɓe, ka same ta dunƙule a cikin matatar injin. Farar jallabiya kuwa in ba lamba, ko mai ita sai ya yi da gaske zai gane ta. Muka koma rubuta lambar da alƙalamin da ba ya wankuwa a kan ɗan ƙyalle. Rigimar ta faɗi warwas. Yaran da nake zagi, su ne dai har yau a shagon.

Injiniyan Jubail: Yaya Mai Wanki, abin da ka yi shi ake koyarwa a aji da sunan ƙa'idar Pareto. Joseph Juran ne ya shigo da ita harkar inganci, ya laƙaba mata sunan wani masanin tattalin arziki ɗan Italiya: dalilai 'yan kaɗan ne ke haifar da mafi yawan matsala, don haka a ƙirga a san su, a fara da su. Kuma ka lura, abin da ya fi ƙara a kunne ba shi ne ya fi yawa a littafi ba.

Direban Haram: Salamu alaikum. Ni ba direban Hajiya ba ne, amma sana'armu ɗaya, don haka a bar ni in yi magana a madadinsa. Duk wanda ke tuƙi a Makka ya san in lokacin salla ya gabato ana tare hanyoyin da ke kusa da Harami, cunkoso ya tashi. Motar da ta fita da sauran lokaci za ta wuce sumul. Wadda ta yi jinkirin minti goma a gida, sai ta tarar an tare, ta yi zaman jira har a idar da salla jama'a su watse. Jinkirin minti goma a kicin ya zama na awa guda a hanya. Ka isa otal kuma ka tarar da mutane sun dawo daga salla sun cika lifta, kai da kula shida a ƙasa kana kallo. In ka kira mai abinci ka yi bayani, a ce kana kawo uzuri. An bar jaki ana dukan taiki.

Hajiya Mai Girki (Makka): Ai kuwa haka yake faɗa min kullum, maganar tare hanya. Na ɗauka ƙarya ce.

Alhajin Bakala (Jidda): Yana iya zama gaskiya, yana iya zama ya tsaya shan shayi. Direbobi mun san su.

Injiniyan Jubail: Duka biyun na iya yiwuwa, Alhaji, shi ya sa ake rubutawa. Hajiya, lokuta biyar kawai: sa'ar da aka sauke tukunya ta ƙarshe, sa'ar da aka gama zubawa, sa'ar da mota ta tashi, sa'ar da ta isa ƙofar otal, sa'ar da abinci ya shiga hannun shugaban rukuni. A liƙa takarda a bangon kicin, direba kuma ya turo saƙo a waya in ya isa, ai wayar da kanta ke nuna lokaci. In da hali a sayi ɗan ma'aunin zafin abinci, ba shi da tsada. Dafaffen abinci ana so ya zauna sama da digiri 60, don tsakanin 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Wannan ya wuce maganar ƙorafin ejan, maganar cikin baƙin Allah ce, kuma in baladiyya, wato hukumar gari, ta shigo ba ruwanta da uzuri.

Akawun Riyad: Ina bin ku tun ɗazu. Abin da ke ba ni mamaki da mutanenmu a nan shi ne alƙaluman suna hannunsu, ba sa dubawa. Tun Disamban 2021 aka wajabta rasit na lantarki ga masu rajistar harajin kaya, yawancin ciniki kuma da katin banki na mada ake yi. Alhaji, injin da ke kan teburin bakalarku, wato shagon kayan masarufinku, ya san awa nawa aka fi sayen burodi, ya san wace madara ke kwana har ta lalace. Sai dai muna ɗaukarsa abin hukumar haraji ne kawai.

Gargaɗi ɗaya nake da shi ga Hajiya: kada yaron naki ya tattara komai ya ba ki matsakaici, ki ce shi ke nan. A ce rana huɗu abinci ya isa cikin minti 30, rana ta biyar ya ɗauki minti 105. Matsakaicin minti 45 ne, a takarda lafiya lau. Amma ejan ba matsakaici ya ci ba, ranar nan ta biyar ce a ransa, ita ce tsofaffi suka kwana da yunwa suka kira 'ya'yansu a Kano. Ki duba kowace rana da kanta.

Alhajin Bakala (Jidda): Madarar da ke kwana na san ta ba sai inji ya faɗa min ba.

Akawun Riyad: Kun sani saboda kuna zaune a shagon, ranku ya daɗe. Ranar da kuka buɗe reshe na biyu a Bawadi, ko kuka tafi gida hutun wata biyu, wa zai sani?

Anti Nas (Madina): Ni kam bari in kawo ɗaya gefen, don na ga kowa na yabon alƙaluma. A asibiti nake aiki, kuma mu ma an cika mu da ma'aunai. A wani wuri da na taɓa aiki an sa doka cewa kada majiyyaci ya wuce wani adadin mintuna kafin a gan shi, kuma aka ɗaura abin a kan kimanta ma'aikata ta ƙarshen shekara. Kun san abin da ya faru? Da mutum ya shigo sai a yi maza a ɗaura masa abin awon jini a danna a kwamfuta cewa an gan shi, sannan ya koma benci ya ci gaba da jiransa kamar da. Allon shugabanni ya yi kore shar, majiyyaci kuwa bai ga canji ba. Hajiya, ranar da direbanki ya gane cewa takardar nan ta bango ita za ta kore shi, to daga ranar zai fara turo miki "na iso" yana kan hanya.

Akawun Riyad: Wannan gaskiya ce, kuma ba ƙananan wurare kaɗai ba. A 2016 hukumomin Amurka sun ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185, saboda ma'aikata sun yi ta buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba don su cika adadin da aka ɗora musu. Ma'aikata wajen 5,300 aka kora a kan haka. Adadin ya cika, amana ta tafi.

Injiniyan Jubail: Anti, ba mu saɓa ba ko kaɗan. Mutumin da ya fi kowa yaɗa wannan ilimi, Edwards Deming, shi ya fi kowa yaƙi da abin da kika faɗa. Shi ne wanda Japanawa suka gayyata a 1950 ya koyar da injiniyoyinsu da shugabannin kamfanoninsu, har suka kafa lambar yabo da sunansa a 1951. Yana da wani wasa da yake yi a tarukansa. A kawo akwati cike da duwatsun ado, kashi 80 cikin ɗari farare, kashi 20 jajaye. A kira mutane daga cikin masu sauraro a ce su ne ma'aikata, a ba su wani faranti mai ramuka 50 su riƙa ɗiba, a ce jan dutse aibi ne, ba a so. Wannan ya ɗebo ja 7 a yaba masa, wancan ya ɗebo 14 a yi masa barazanar kora. Zagaye na gaba sai gwanin ya ɗebo 13, ragon ya ɗebo 8. Ba mai ƙoƙari ba rago a cikinsu, jajayen na cikin akwatin tun farko, kuma ba ma'aikaci ne ya zuba su ba. Shi ya sa ya dage cewa a kori tsoro daga wurin aiki, a daina ɗora wa mutane adadi ba tare da an gyara musu hanyar aiki ba. Ana auna aikin ne don a gane shi. Da zarar ma'auni ya zama bulala, alƙaluman da za su riƙa zuwa ƙarya ne, gara ma ba a auna ba.

Anti Nas (Madina): To a gaya wa shugabanninmu. Su takardar shaidar kwas suke da ita, wannan ɓangaren bai shiga ba.

Ɗan Maiurno: Salam 'yan uwa. Ni agashe nake sayarwa, wato tsiren Sudan, daga Sudan na taho bayan yaƙin da ya ɓarke a 2023. Tambayata ga Injiniya: wani ya tallata min kwas na Six Sigma, wai in na biya zan samu baƙar ɗamara. Mene ne shi, kuma zai amfani mai tukuba?

Injiniyan Jubail: Riƙe kuɗinka ka ƙara nama, ɗan uwa. Six Sigma tsari ne da aka ƙirƙiro a kamfanin Motorola a 1986, wani injiniyansu Bill Smith ne ya assasa shi, sannan Jack Welch ya ɗauke shi a General Electric a 1995, daga nan ya cika duniya. Burinsa aibi kada ya wuce 3.4 a cikin miliyan. Matakansa biyar ne: a fayyace matsalar, a auna, a bincika sanadi, a gyara, a tsare gyaran kada a koma gidan jiya. Ɗamarar nan matakin horo ce kawai, an aro sunan daga masu wasan kokawar Japan. Ga masana'antar da ke fitar da abu iri ɗaya dubbai a awa, yana da amfani sosai. Kuma kada a raina maganar miliyan ɗin. A Hajjin 2023 alhazai sun haura miliyan 1.8. Da a ce masu ciyarwa za su yi daidai kashi 99 cikin ɗari, abin da kowa zai kira ƙoƙari, to a cin abinci ɗaya kawai mutum 18,000 ne za su samu matsala.

Kai kuwa abin da kake buƙata sikeli ne da littafi. Kilo nawa na nama ka saya, tsinke nawa ya fita, nawa ya kwana. In yau kilo ya ba ka tsinke kaza gobe ya ragu sosai, ka san ko mahauci ya ƙara maka kitse da jijiya, ko mai yanka ya sake hannu. Matakai biyar ɗin nan za ka iya bin su ba tare da kowa ya ɗaura maka ɗamara ba.

Akawun Riyad: Kuma ko a manyan kamfanoni ba ko'ina ya dace ba. Kamfanin 3M na Amurka sun shigo da shi gadan-gadan a 2001 lokacin da James McNerney ya zo daga General Electric. Wanda ya gaje shi, George Buckley, sai da ya sassauta shi a ɗakunan bincike, don masu ƙirƙira sun koka cewa an takura su. Mai neman sabon abu dole ya yi ta gwaji yana faɗuwa, tsarin da aka gina don rage bambanci ba zai so haka ba.

Malamin Islamiyya (Makka): Ina so in ce wa Alhaji wani abu cikin girmamawa. Rubutu a harkar kasuwanci ba 'yan boko suka kawo shi ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba. Kuma korar mutum daga aiki a kan zato abu ne mai nauyi, balle a ƙasar da zaman mutum ke rataye da aikinsa da iƙamarsa, wato takardar izinin zama. In akwai hanyar da za a tabbatar kafin a yanke hukunci, bin ta ya fi.

Alhajin Bakala (Jidda): Malam, na karɓi wannan. Amma ina nan kan bakana a kan abu ɗaya: littafi ba ya maye gurbin tsayuwar mai abu a kan abinsa. Na ga yara masu digiri sun zauna a ofis da kwamfuta suna zana jadawali, kaya na ruɓewa a sito ba su leƙa ba.

Injiniyan Jubail: Wannan kam Toyota ma ra'ayinku suke, Alhaji. Taiichi Ohno, wanda ya gina tsarin aikinsu, an san shi da tura injiniyoyi su je su tsaya a filin aiki su yi ta kallo, da kuma tambayar "me ya sa" har sau biyar kafin a yarda an kai ga tushe. A masana'antarsu ƙaramin ma'aikaci na da ikon jan igiya ya kira shugaba, har layi ya tsaya, in ya ga aibi. Mai Wanki ma ai littafi ya nuna masa inda zai duba, amma sai da ya tsaya bakin inji ya ga takardar a matata.

Hajiya Mai Girki (Makka): Jama'a na dawo, an kwana biyu. Mun yi rubutun, yarinyar da ke taya ni ce ke cikawa. Ga abin da ya fito. Tafiyar direba, in ya fita da wuri, kusan ɗaya ce kullum. Ranakun da aka makara duka motar ba ta bar gida da wuri ba, kuma ba girki ne ya hana ba, tukunya na sauka a kan lokaci. Wajen zubawa ne. Muna gama ɗaure robobi sai ejan ya kira: an ƙaru da mutum goma sha, ko wasu sun tafi Madina, ko tsofaffi biyar ba sa son shinkafa sai tuwo. Sai a kwance, a sake lissafi, wani lokacin a ɗora sabuwar tukunya. Kafin a gama an kusa kiran salla, sauran kuma Direban Haram ya riga ya faɗa muku. Abin haushin, ejan ɗin da ya fi kowa yi min barazana shi ya fi kowa canza adadi.

Direban Haram: Allahu akbar. A gaishe min da abokin sana'ata.

Alhajin Bakala (Jidda): Ejan-ejan ai halinsu ne, wannan ko ni da an tambaye ni zan faɗa.

Mai Wanki (Jidda): Alhaji, ku da kuka ce a sallami direba? 😄

Alhajin Bakala (Jidda): Kai dai yi ta wankinka.

Akawun Riyad: Hajiya, yanzu kina da abin nuna masa. Ki sa a yarjejeniya: adadin ƙarshe ya iso kafin azahar, abin da ya ƙaru bayan nan a kai shi a zuwa na biyu da kuɗinsa daban. Ki tura masa hoton takardar, ranakun da ya kira a makare da ranakun da abinci ya makara, gefe da gefe.

Anti Nas (Madina): Da lallami dai, kada ya ji an ƙure shi ya kwashe rukuninsa. Kuma shi ma a tambaye shi me ya sa adadinsa ke canzawa, ƙila jirage ne ke sauka masa ba tsari.

Injiniyan Jubail: Haka ne. Kuma Hajiya abu ɗaya za ki canza a yanzu, maganar azahar ɗin, ki ci gaba da rubutu yadda kike yi. In kika canza abu uku a tare aka samu sauƙi, ba za ki san wanne ya yi aiki ba. Kada kuma a cire takardar daga bango don an ga sauƙi, Ramadan na tafe, lissafin hanya gaba ɗaya zai sauya.

Mai Wanki (Jidda): Injiniya, koma kan maganarka ta farko. Ta yaya mutum zai gane ranar da ta fita daga al'ada da wadda hawa da sauka ne kawai? Ina so in gwada a kan kayan da ake dawo mana da su a sake wankewa.

Injiniyan Jubail: Yaya, ga hanya mafi sauƙi, kalkuletar waya ta isa. Tara alƙaluman rana 20 zuwa 25 a jere. Fitar da matsakaicinsu. Sannan ka duba tazarar da ke tsakanin kowace rana da wadda ta gabace ta, ba ruwanka da hawa ne ko sauka, ka fitar da matsakaicin tazarar, ka ninka shi da 2.66. Abin da ya fito ka ƙara a kan matsakaicin farko, shi ne iyakar sama, ka kuma debe shi, shi ne iyakar ƙasa. Misali da tafiyar mota: matsakaici minti 40, matsakaicin tazara minti 5, ninkin ya ba da wajen 13, iyakoki ke nan 27 da 53. Ranar da ta faɗo tsakaninsu kada ka tashi hankalin kowa. Wadda ta tsallake, a ranar za ka bincika tun mutane ba su manta abin da ya faru ba. Haka in ka ga rana takwas a jere duk a gefe ɗaya na matsakaici, wani abu ya sauya ko da ba a tsallake iyaka ba. A naka lissafin, tunda yawan kaya na bambanta daga rana zuwa rana, kada ka ƙirga guda nawa aka dawo da su kawai, ka raba da yawan kayan da aka wanke a ranar. In ka tara na sati uku turo min ta gefe in zana maka.